Kwanon Mma Adiza

Ranar Litinin da ta wuce na tarar an manna takarda a ƙofar lifta, wai kowace ma'aikaciya ta sauka hawa na ɗaya a yi mata allurar mura kafin wata ya ƙare. A safiyar ne kuma aka kunna hita a duk gidan tsofaffin da nake aiki karo na farko a bana. Bututun hitar ya yi ta ƙara kamar ana buga tukunya da ludayi, warin ƙarfe mai zafi ya cika benen. Duk shekara haka ake yi, kuma duk shekara da na shaƙi warin nan sai wani hunturu ya dawo mini. Ba na babbar annobar da duniya duk ta sani nake nufi ba, wadda ta sa aka rufe masallatai da makarantu. Wannan ya riga ta da shekara biyu. Ga mutanen waje mura ce kawai mai ɗan zafi, ana jin labarinta a talabijin ana ci gaba da shan shayi. Mu da muke aiki a gidan kula da tsofaffi mu muka san nauyinta.

Lokacin ina shekarata ta huɗu a aikin. Muna zaune a Concourse Village ni da maigidana da yaranmu biyu, gidan tsofaffin kuma yana can arewacin Bronx, sai na shiga bas biyu kafin in isa. Aikin shi ne abin da jika take yi wa kakarta a gida Kumasi ba tare da kowa ya kira shi aiki ba: wanka, sauya ƙunzugu, shafa mai, juya wanda ba ya iya juyawa, ba da abinci a baki. Mu ba nas ba ne, mataimakan nas ne. Nas tana riƙe da magani da biro, mu kuwa mutum muke riƙewa, da nauyinsa da warinsa, da zaginsa in ya ga dama.

Wadda ta sa ni a wannan hanya ita ce Mma Adiza, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata a zangon Kumasi. Ita ta nemo mini makarantar koyon aikin, ita ta kai ni gaban shugabar ma'aikata ta ce ta tsaya mini, ita ta koya mini yadda ake ɗaga mutum ba tare da baya ya tafi ba. Gajeriya ce kakkaura, ta kusa sittin, tana taka ƙasa kamar ƙasar ta ɓata mata rai. Abin alfaharinta a duniya guda biyu ne. Ta je Makka, kuma tunda ta fara aiki a gidan nan ba ta taɓa bugo waya ta ce ba ta da lafiya ba. Na biyun ta fi yawan faɗa. Ba ta kirana da sunana, Memuna, sai in na yi laifi, in ba haka ba kullum ɗiyata take cewa.

Kuma tana da kwano. Babba ne mai murfi, irin wanda ake kai wa surukai abinci a ciki, da jajayen furanni a jiki, fentin bakinsa duk ya ɓare. Daga Kumasi ta zo da shi a cikin akwati. Mu shida ne mataimakan nas masu jin Hausa a gidan, huɗu 'yan Gana, da Fati 'yar Maraɗi, da wata Hauwa daga Jos, muna warwatse a hawa uku. Kwanon zagayawa yake yi. Wadda ta tafi da shi gida yau ita za ta dawo da shi gobe a cike, wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan na Gana, ko tuwon zafi da miyar ayoyo, ranar Fati kuma dambu, wanda muke tsokanarta cewa sai an bi shi da ruwa galan guda kafin ya wuce maƙogwaro. Da yake kwanon ba ya shiga na'urar ɗumama abinci, sai mu naɗe shi da tawul tun safe mu ɗora a kan hitar ɗakin hutu. Ƙarfe ɗaya na rana mu wanke hannu mu kewaye shi, Mma ta yi bisimilla ta fara. Kowa ta ci gabanta. Nama kuwa ba mai taɓawa sai Mma ta gutsuttsura da yatsa ta tura wa kowa nata, kuma kowa ta san babban yankan gabana yake zuwa. Abokan aikinmu 'yan Jamaika da 'yan Filifin suna gefe da robobinsu suna kallonmu, mu kuma muna tausaya musu.

A hawa na uku, inda ni da Mma da Fati muke, akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙarshe, Mis Rosa, 'yar Puerto Rico. Ta haura casa'in, ƙanƙanuwa, mantuwa ta cinye mata kusan komai. Da aka kawo ta ba ta cin abinci. A kai mata cokali baki ta damƙe leɓe ta juya fuska bango, har aka fara maganar sa mata tiyo a ciki. Mma ce ta gano kanta. Wata rana ta gaji da lallashi, ta ɗebi dankalin da ke farantin ta kai bakinta don ta ji ko gishiri ne ya yi kaɗan, sai ta ga tsohuwa ta bi cokalin da ido ta buɗe baki. Ashe matar da ta raini yara tara ba ta san yadda ake cin abinci ita kaɗai ba, sai ta ga wani ya ci. Tun daga ranar Mma take yawo da ƙaramin cokali a aljihun riga. Ta zauna bakin gado, ta ɗeba daga farantin ta ci, ta ɗeba da ɗaya cokalin ta ba ta, har a cinye. Doka ta hana ma'aikaci taɓa abincin tsofaffi, kowa ya sani, kuma kowa ya kau da kai tunda kumatun Mis Rosa sun dawo. In an yi mata magana sai Mma ta ce, "Wa ya taɓa cin abinci shi kaɗai in ba ɗan kurkuku ba?"

Sanyin shekarar ya sauka bayan Kirsimeti, kuma ban taɓa jin irinsa ba. Nakan tashi ƙarfe biyar in shirya wa yara abin karin safe, da asuba ta shiga in yi salla a gurguje, in sa wando biyu da safa biyu in fita. A tashar bas gashin hancin mutum daskarewa yake yi, numfashi ya jiƙa mayafi, mayafin ya sandare a fuska. Da ka shiga gidan tsofaffi kuma sai zafin hita ya mare ka, busasshen zafi mai fasa leɓe, saboda su tsofaffi kullum sanyi suke ji. Tsakanin waɗannan biyu muke wuni.

Tari ya fara daga hawa na biyu. Kafin mako ya zagayo ya hauro wurinmu. Aka rufe ɗakin cin abinci, aka hana 'yan uwa shigowa dubiya, aka ce kowane tsoho ya zauna a ɗakinsa. Wanda bai yi aikin ba ba zai gane abin da rufe ɗakin cin abinci yake nufi ba. A da mutum ɗaya zai zauna tsakanin tsofaffi huɗu a tebur, yana ba wannan yana duba wancan. Yanzu sai ka bi su ɗaki-ɗaki, kuma duk ɗakin da aka manna wa jan kati, alamar mai shi ya kamu, sai ka tsaya a ƙofa ka sa rigar leda da safar hannu da sabon takunkumi, ka fito ka cire, ka wanke hannu, ka sake sa wasu a ƙofa ta gaba. Kafin ka kai ɗaki na biyar kunun ya huce ya yi fata a sama. Hannuwana suka tsattsage saboda yawan wankewa, in sabulu ya shiga sai in ji har cikin haƙori.

Sai ma'aikata suka fara kwanciya. A hawanmu mu biyar ne da rana, muka koma huɗu, muka koma uku, tsofaffi kuwa ba su ragu ba sai waɗanda motar asibiti ta zo ta ɗauka. Masu wanki ma suka kwanta, zannuwan gado suka yi ƙaranci, har muka koma ɓoye tawul a bayan kwaba don kada 'yan hawa na biyu su kwashe. Rigar leda da takunkumi sai da awo ake ba mu. Wadda ta zo bakwai na safe da niyyar tashi uku, sai a tare ta a ƙofa a ce ta yi haƙuri ta zarce, abin da muke kira dabul. Ƙararrawar kira tana kuka a ɗaki uku lokaci guda, kai kuma kana riƙe da wani a banɗaki ba halin saki. Na daina jin tausayi a kwanakin, gaskiya, ba don zuciyata ta bushe ba sai don ba lokacinsa. Wata safiya na shiga na tarar an naɗe katifar wani dattijo da na shekara biyu ina yi wa aski, abin da ya fara zo mini a rai shi ne yau wanka ya ragu mini da ɗaya.

A gida ma tsari ya sauya. In na dawo nakan tsaya daga bakin ƙofa in cire kayan aiki in ƙulle a leda, in wuce wanka kai tsaye kafin yara su rungume ni. Ƙaramar ta yi mako guda tana fushi da ni a kan haka. Maigidana, wanda tasi yake tuƙawa, shi ya koma yi musu girki, yau shinkafa da ƙwai, gobe ƙwai da shinkafa. Ni kuwa da na zauna a kujera sai barci, wani lokaci da safa ɗaya a ƙafa.

Nas ɗin da aka ɗora wa hana yaɗuwar ciwon ita ce Sista Bilki, Bakanuwa, doguwa mai tabarau, wadda ba ta dariya sai ta duba ta ga akwai dalili. Ita take tsayawa a ƙofa da safe da na'urar gwada zafin jiki, duk wanda goshinsa ya yi zafi ta juya shi gida. Ita ce kuma ta shigo ɗakin hutu wata rana ta same mu hannu shida a cikin kwano.

"Mma, don girman Allah," ta ce, "wannan kwanon a ajiye shi sai ciwon nan ya wuce. Kowa ta zo da robarta."

"Ei, Sista," in ji Mma, ko ɗagowa ba ta yi ba, "mun wanke hannu paa. Zo ki sa albarka."

"Ba maganar wanke hannu ba ce. Kuna zaune kai da kai kuna shaƙar numfashin juna. Ɗaya ta kamu duk kun kamu, to wa zai riƙe mini aikin?"

Mma ta ce to. Da Sista ta fita sai ta ce boko ne ya yi mata yawa, aka yi dariya, kuma da ni aka yi. Washegari kwano ya koma ɗakin ajiye zannuwa, wani ɗan matsattsen ɗaki marar taga, inda muke cusa kanmu mu ci a tsaye cikin minti goma. Ni da nake tuɓe kaya a bakin ƙofar gidana don kada in kai wa yara ciwo, ban ga aibin wannan ba. Kuma ba taurin kai kaɗai ba ne. A duk tsawon wunin nan ne kawai wani yake miƙo mana abu, ba mu muke miƙawa ba. Cikin kwana goma Hauwa ta kwanta, sauran 'yan Gana biyun suka bi ta. Muka ce sanyin tashar bas ne ya kama su.

Ranar da abin ya faru dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, bas na farko bai zo ba, na taka da ƙafa har tasha ta biyu ƙanƙara tana shige mini takalmi. Mu uku muka rage a kwano, ni da Mma da Fati, mu ukun ne kuma muke riƙe da hawa na uku, duk an ce mu yi dabul. Tuwo ne Mma ta kawo. Na lura ba ta ci sosai, tana dai juya loma a cikin miya. Da ta zo tura mini nama sai bayan hannunta ya taɓa nawa. Zafin da na ji irin na murfin tukunya ne.

Na ɗago na dube ta. Idanunta sun yi ja sun kawo ruwa, ga gumi a saman leɓenta.

"Mma, jikinki da zafi."

"Hita ce."

"Yaya aka yi kika wuce Sista da safe?"

Fati ta sunkuyar da kai, sai na gane ta riga ni sani. Daga baya ta gaya mini kwana biyu ke nan Mma tana haɗiyar maganin zazzaɓi kafin ta baro gida, ta kuma tsaya a waje cikin sanyi sai goshinta ya huce sannan ta shiga layi.

"In na tafi gida, ku biyu za ku ɗaga mutum talatin?" in ji Mma. "Fati da ciwon bayan nan nata? Ke da ko karyawa ba ki yi ba? Ci abincinki, ɗiyata."

Na ci. Wannan ban taɓa ɓoye wa kaina ba. Na ƙara loma uku bayan na san abin da na sani, saboda janye hannu daga kwanon babba daidai yake da ka ce mata ƙazama, kuma ba a haife ni a inda ake yin haka ba.

Abincin yamma na tsofaffi ƙarfe biyar ake kawo shi, wato ina da awa huɗu. Ni na yi allura, ina da ƙarfina, in na kamu zan kwanta in tashi. Amma ƙarfe biyar Mma za ta shiga ɗakin ƙarshe, ta zauna bakin gado, ta sauke takunkumi ƙasan haɓa, ta ci daga faranti ɗaya da matar da tari guda zai iya karya mata haƙarƙari. Ta yi hakan jiya, ta yi yau da safe da rana, kuma har zuwa lokacin Allah ya tsare, ba jan kati a ƙofar Mis Rosa. Ta ɗaya gefen kuma, kai ƙarar Mma abu ne da ban san da wane ido zan kalli mahaifiyata bayansa ba. A zango in babba ya yi kuskure gida ake kai magana, ba ofis ba. Tsoron da nake ji ke nan, in faɗa in rasa Mma, ko in yi shiru in ga an naɗe katifar ɗakin ƙarshe.

Na fara gwada hanyar gida. Na same ta a lungu ta jingina da keken zannuwa tana mai da numfashi.

"Mma, bari yau ni in ba Mis Rosa."

"Ba za ta ci a hannunki ba."

"To ki ba ta, amma ki bar takunkumin a fuska."

"In ban ci ba ba ta ci, kin sani. Memuna, je ki yi aikinki."

Da na ji sunana na san hanyar gida ta ƙare. Na je na yi aikina. Na juya waɗanda ake juyawa, na sauya wa mutum bakwai, na goge amai a ɗaki na huɗu, ina yi ina kallon agogon bango. Biyar saura kwata na ji ƙarar keken abinci yana fitowa daga lifta. Na cire safar hannu na sauka wurin Sista Bilki. Ban yi dogon bayani ba, ita ma ba ta tambaye ni yadda aka yi na sani ba. Ta kalli hannuna na dama kawai, wanda nake sawa a kwano, ta ɗauki na'urarta.

Maganin safe ya riga ya saki Mma, na'ura ta nuna abin da ta nuna. Ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗakin zannuwa ta fito da kwanonta, ta sa rigar sanyi, sannan ta tsaya a gabana wajen teburin nas. Na zaci zagi ne, kuma da na fi son zagin. Ta sa hannu a aljihu ta ciro ƙaramin cokalin ta ajiye a kan tebur, ta wuce lifta. Fati ba ta ƙara yi mini magana ba a ranar sai ta aiki.

Duk abin da Mma ta faɗa ya tabbata, wannan ma gaskiya ce. Mu biyu muka rage, da wata da aka aro mana daga waje wadda ba ta san sunan kowa ba. Ciwon baya ya riƙe Fati a kwana na uku, tana aiki tana dafa bango. Tunda ba kwano ba mai tuna girki, da biskit da ruwan shayi nake wuni. Na kira wayar Mma sau biyar. 'Yarta ce take ɗauka, in gaishe ta da Hausa ta amsa mini da Turanci cewa mamarta tana barci. A bakin wasu na ji ciwon ya sauka mata a ƙirji har an kwantar da ita a asibiti kwana biyu. Ban je dubiya ba. Na ce aiki ne ya hana ni, kuma rabin maganar gaskiya ne.

Mis Rosa kuwa ta damƙe baki. Sista Bilki ta sa aka ba ni maganin kariya ni da Fati, tana gwada mu safe da yamma, ta kuma ce duk ranar da ta ga takunkumina a ƙasa cikin ɗakin wani tsoho, ni ma gida. Na wanke cokalin Mma da ruwan zafi na sa a aljihu, amma ba halin amfani da shi. Na gwada dabara, in ɗebo abinci in kai gaban takunkumi in yi ta motsa baki ina cewa da daɗi. Ta yi mini kallon da ake yi wa yaron da ya yi ƙarya marar fasali, ta juya bango. Tsufa ya ɗauke mata sunayen 'ya'yanta amma bai ɗauke mata wayo ba. Ruwa kawai take ɗan kurɓa, shi ma sai an yi da gaske. Ni kuma mintuna kaɗan nake da su a kowane ɗaki, in na ƙara wani ne zai zauna da yunwa a ɗakin gaba. Duk wanda ya buɗe ƙofa sai ta ɗago kai ta duba, in ta ga ba Mma ba ce ta mayar.

Kwana na biyar Sista Bilki ta hauro da kanta ta ɗauki takardar da muke rubuta abin da kowa ya ci, ta daɗe tana kallo.

"Jikinki bai yi zafi ba ko sau ɗaya," ta ce mini. "Ki samo naki farantin daban, ki zauna can bakin ƙofa, kada ki matso. Ni zan riƙe mata cokali."

Haka aka yi. Na zauna a kujera bakin ƙofa da shinkafar madara a farantin roba, na sauke takunkumi, na ciro cokalin Mma na fara ci. Sista tana bakin gado cikin rigar leda, doguwar mace a takure. Mis Rosa ta bi hannuna da ido, daga faranti zuwa baki, sau ɗaya, sau biyu. Sai ta buɗe baki. Cokali uku ta karɓa, ta lumshe ido, barci ya ɗauke ta. Ni kuwa na cinye nawa tas, don yunwa nake ji da gaske, ina ci hawaye yana ɗiga a cikin farantin.

Washegari ba ta iya ɗaga kai ba, motar asibiti ta zo. A can aka gwada ta aka ce ba ta da murar. Bayan kwana huɗu aka bugo waya cewa ta rasu, wai tsufa ne da zuciya da rashin ruwa a jiki. Ni ce na naɗe katifar. Ciwon da nake ji mata tsoro bai taɓa ta ba, kuma ga shi ta tafi. Na yi shekaru ina juya maganar nan a raina ta kowace fuska, ban samu inda ta zauna daidai ba.

Yau a ɗakin hutu kowa da robarta da wayarta, 'yan matan da suka zo bayanmu ba su ma san an taɓa yin kwano ba. Da babbar annobar ta zo ba sai da aka gaya mana komai sau biyu ba, mun riga mun koya a jikinmu. Yanzu in ma'aikaciya ta ji zazzaɓi waya take bugowa ta kwanta, ba mai cewa ta gudu ta bar 'yan uwa cikin aiki. Hakan ya fi, na sani. Abinci dai ya fi saurin hucewa a roba, kuma ba mai gane wadda ta zo aiki ba ta karya ba. Daga baya Mma ta ajiye aiki ta koma Kumasi, kwanon ya bi ta a cikin akwatin da ya zo. Cokalin yana aljihuna.

Amma a wancan hunturun, bayan mako uku tana jinya ta dawo aiki. Sanyi ya ɗan saki, ƙanƙarar gefen titi ta yi baƙi tana narkewa, an buɗe ɗakin cin abinci. Na same ta da safe a ɗakin sauya kaya tana ɗaure takalmi, ta rame har rigar tana yawo a jikinta. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya jiki. Ta amsa kamar yadda ake amsa wa kowa. An riga an gaya mata labarin ɗakin ƙarshe.

"Ta ci wani abu kafin ta tafi?"

"Cokali uku, Mma."

"Ita kaɗai?"

"Tare muka ci."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da ɗaure takalminta. Na ciro cokalin na miƙa mata, ta dube shi ba ta karɓa ba.

"Da ni ce ke, da ban faɗa ba," ta ce. "Ban ce kin yi daidai ba, ban ce kin yi laifi ba. Allah ne ya san dalilin da ya sa ke ce a wurin."

Ta fita. Duk safiyar muna aiki tare, muna ɗaga mutum ita a kai ni a ƙafa, ba ta kira ni da kowane suna ba.

Ƙarfe ɗaya muka haɗu a ɗakin hutu mu shida, karo na farko tun da Hauwa ta kwanta. Kowa tana satar kallon jakar Mma. Ba kwano a ciki. Robobi shida ta fito da su masu murfi ta jera a tebur, wake da shinkafa, kowace da yankan nama ɗaya daidai wa daida. Ta tura wa kowa tata. Muka zauna nesa-nesa kowa da cokalinta, 'yan Jamaika suna kallonmu, wannan karon su ne suke tausaya mana. Na buɗe tawa na kasa ci. Sai na ga hannu ya miƙo daga tsallaken tebur. Mma ce ta ɗebo namanta da cokali ta sake shi a cikin robata.

"Ci abincinki, ɗiyata," ta ce.